Bishiyar Bayan Ɗakin Inna

Auta ta ɗaga farantin gilashin zuwa hasken taga, ta karkata shi hagu, ta karkata shi dama, har ta goge bayansa da hannun farar rigarta kamar datti ne ya ɓoye mata abin da take nema. Babu abin da ya sauya. Ƙwayoyin cutar sun cinye farantin kaf, sun yi shimfiɗa har bakin ramin da ta ɗiga maganin, ko kunyar ido babu. Ta ɗauki na biyu, haka yake. Na uku ma bai yi mata kara ba.

Ga wanda bai taɓa leƙa ɗakin gwaji ba, aikin ba shi da wuyar faɗa. Akwai wani abu mai kama da jeli da ake dafawa a zuba a faranti ya daskare, shi ne abincin ƙwayoyin cuta. Sai a shafa ƙwayoyin a kai da tsinke mai auduga, a huda ramuka, a ɗiga ruwan maganin da ake son gwadawa, a rufe, a saka a akwatin ɗumi su kwana. In gari ya waye, idan maganin na da ƙarfi, za ka ga fili wayam kewaye da ramin, inda ƙwayoyin suka kasa matsowa. Shi wannan filin ake aunawa da rula. A watannin baya, filin da Auta take samu ya kai faɗin murfin kwalba. Yau kuwa sai wani ɗan siririn layi da in ka kira shi fili ka ɗauki alhakin fili.

Kuma a kan wannan filin komai nata yake tsaye. Ita ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini da bayan gida ce a asibiti, uwar 'ya'ya uku, duk da dai a gidansu har gobe Auta ce. Da kyar da jiɓin goshi ta samu hutun ƙaro karatu, hutun kuma zai ƙare da ƙarewar wannan zangon. Shugaban sashensu ya riga ya faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa ko yini ɗaya ba za a ƙara mata ba. An sa ranar da mai jarrabawa zai zo daga wata jami'ar. In filin bai dawo ba kafin nan, babu digiri, sai ta koma kan kujerarta ta asibiti hannu Rabbana.

Asalin maganar wata bishiya ce da ke bayan ɗakin Inna, mahaifiyarta. Tana yin 'ya'ya ƙanana kamar kan babban yatsa, masu baurin da in ka tauna ɗaya sai harshenka ya manne da ganɗa. Farfesa, malamin da ke duba aikinta, ya san sunan bishiyar na littafi, wanda sai an tsaya an huta a tsakiya kafin a ƙarasa faɗarsa, amma a gida 'yar-bayan-ɗaki ake ce mata. Duk yaron da cikinsa ya ɓaci a gidan, har na maƙwabta, Inna za ta ɗebo garin 'ya'yan a cokali, ta dama da ruwan ɗumi, ta matse masa hanci ta ɗura. Auta ta sha, Yayanta ya sha, 'ya'yan Auta ma sun sha, kuma duk ga su nan garau. Don haka da aka ce kowa ya kawo abin da zai yi bincike a kai, ba ta wahalar da kanta da dogon tunani ba.

Da aka zo fara aiki sai injin niƙa na ɗakin gwajin ya lalace, gyaran kayan hukuma kuwa kowa ya san tafiyar hawainiya yake yi. Shanya 'ya'yan a inuwa ma abu ne na makonni. Ta yi wa Inna ƙorafi a bakin hira, washegari sai ga saƙo, gwangwanin madara cike da gari, a dake, a tankaɗe, lukui. To wa zai dubi uwarsa ya ce garinta bai cika ƙa'ida ba? Auta ta karɓa da hannu biyu. A rahotonta ta rubuta cewa an tsinko 'ya'yan, an shanya a inuwa, an niƙa. Ba ƙarya ta yi ba, ba ta dai faɗi wanda ya yi niƙan ba, ita kanta kuma ba ta ɗauke shi abin zance ba.

Ta jiƙa garin, ta tace, ta gwada ruwan a kan ƙwayoyin da aka samo daga marasa lafiya, masu kawo zawo, da na atuni, da na zazzaɓin taifod. Filin da ya fito ya sa Farfesa cire tabarau ya goge ya mayar. Gajeren mutum ne mai saurin murna da saurin fushi, ranar kuma ta murna ce. "Da tsohuwar zuma ake magani," in ji shi, ya ɗauki farantin ya dinga bi ofis-ofis yana nuna wa abokan aiki, har da waɗanda ba sa ga-maciji da shi, musamman ma su. Akwai dai wata ƙwayar zawo guda mai taurin kai, wadda ko kafson asibiti ba ya taɓa ta, ita ba ta ji garin Inna ba. Farfesa ya ce wannan ma abin rubutawa ne, alama ce 'ya'yan na bin hanyar da maganin bature ke bi. Ya sa sunan Auta cikin masu magana a taron masana, ya kuma yi wa wani ɗan rediyo alkawarin hira.

Abu ɗaya ya nema. Tunda garin ya ƙare, ta maimaita gwajin da sababbin 'ya'ya, don mai jarrabawar mutum ne mai bin diddigi. Inna a lokacin tana gidan Yaya, an yi mata aikin yanar ido. Sai Auta ta je da kanta ta tsinko daga bishiyar, ta shanya, ta niƙa a injin da aka gyara. Sakamakon ke nan take ta juyawa a gaban taga.

"Baba, jiya an ɗauke wuta ne?" ta tambayi Mai-makulli, tsohon da ke kula da ɗakin gwajin, wanda tarin makullan ƙugunsa ke shelar zuwansa tun daga matattakala.

"Da an ɗauke wuta, da ƙwayoyinki ba su yi wannan ƙibar ba," ya ce, bai ko ɗago daga wankin kwalabe ba. "Dube su fa, ɓul-ɓul. Ai akwatina ya yi aikinsa."

"To ko ruwan da aka dafa jelin ne?"

"'Yar nan, duk ɗalibin da farantinsa ya ƙi, laifin Baba ne. Ranar da ya yi kyau kuwa, yabon na ɗalibin da Farfesa ne. Ki duba wani wurin."

Ta duba wani wurin, ta duba wasu wuraren. Ta ce wataƙila nuna ce ba su yi ba, ta jira suka nuna. Ta ce wataƙila nunar ce ta yi yawa, ta tsinko ɗanyu shar. Ta tsinci waɗanda suka faɗo da kansu, har da masu tsutsa. Ta raba ɓawo daban, ƙwallo daban, ta jiƙa wani a ruwan sanyi, wani a ruwan zafi, wani a sifirit. Kullum da safe sai ta buɗe akwatin ɗumin da bismillah, kullum kuma ƙwayoyin na nan sun kwana lafiya sun tashi lafiya. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne hotunan farantan farko na nan a wayarta. Takan buɗe ta kalla, ta faɗaɗa da yatsu biyu, ga filin nan fes, da rubutun hannunta a gefen farantin. Ba mafarki ta yi ba, amma ta fara shakkar hakan.

Farfesa ya saurare ta a ofishinsa yana buga biro a kan tebur.

"Bishiyar ɗaya ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Kin tabbata ba ta maƙwabta kika tsinko ba? Akwai masu kama da juna."

"Ranka ya daɗe, a gindinta na yi rarrafe."

"To ƙwayoyin ne suka sauya hali."

"Na karɓo sababbi daga asibiti. Na kuma gwada tsofaffin. Duk ɗaya."

"To ke ce kika sauya ke nan." Ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba ta taya shi ba, ya tsuke fuska. "Ruwa ba ya tsami banza. Wancan karon da me kika niƙa?"

"A turmi aka daka. Injin ya lalace lokacin."

Bai tambayi wanda ya daka ba, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba. Ya buga tebur da murna, ya ce ai ga zancen nan, zafin inji ne ke kashe ƙarfin maganin, wannan ma babi guda ne. Ya raka ta har bakin ƙofa yana cewa ɗan rediyon nan ya dame shi da waya, shi kuma ya riga ya faɗa wa duniya, don haka ta taimaka ta nemo filin nan duk inda ya shiga.

Haka Auta ta ɗauko ɗan turmin Inna daga gida, ta hau da shi bene a rungume, ta zauna a tsakiyar ɗakin gwaji da farar riga da safar hannu tana daka. Ɗalibai suka cika bakin taga. Mai-makulli ya tsaya riƙe da ƙugu, ya ce shekarunsa a nan ba kaɗan ba ne amma bai taɓa ganin an mayar masa da ɗaki kicin ba, in an gama a sam masa. Ta daure ta gama, ta jiƙa, ta tace, ta ɗiga. Da gari ya waye ƙwayoyin suka yi mata abin da suka saba.

A gida ma abin ya fara nunawa. Ta zuba gishiri a shayin yara, ta saka wayarta a firji ta yini tana nema. Baban yara, wanda tun farko bai gane abin da ake aunawa ba amma yana goyon baya da zuciya ɗaya, ya ba da shawarar ta kai ƙwayoyin su gaishe da Inna, wataƙila ita suke jin nauyi. Auta ba ta yi dariya ba. Yaya kuwa da ta kira shi a waya, bai tsaya kwana-kwana ba.

"Albarkar hannu ce, Auta. Kin taɓa dafa wani abu ya yi daɗin na Inna? To haka magani yake."

"Yaya, ƙwayar cuta ba ta san hannu ba."

"Ga shi kuwa ta san naki."

Da a da ne, da ta yi masa lacca har sai katinta ya ƙare. Yanzu sai ta samu kanta tana tunanin abubuwan da in ɗalibi ya faɗa mata za ta kore shi. Ko Inna na karanta wani abu a kai? Ko akwai lokacin da take tsinkowa? Ko gumin tafin hannu na da wani sinadari? Akwai ranar da ta rufe ƙofar ɗakin gwajin, ta cire safar hannu, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa ɗaya yadda Inna ke zama, ta daka a haka. Wannan ko Baban yara ba ta faɗa wa ba, don kunya ta ji ƙwarai. Shi ma bai yi aiki ba.

Da ta ga ranar mai jarrabawa na ta matsowa, sai ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko. Ta ƙulle busassun 'ya'yan a leda, ta ɗauki turmin da rariya, ta nufi gidan Yaya da hantsi.

Ta tarar da Inna a baranda a kan tabarma, da baƙin tabarau irin na waɗanda aka yi wa aikin ido, ya cinye rabin fuskarta. Matar Yaya ta kawo ruwa, aka gaisa, ta koma ciki. Inna ta shafa turmin ta gane shi tun kafin a faɗa mata.

"Wa ya ce ki fito min da turmi yawon duniya?"

"Inna, so nake ki yi maganin nan a gabana, daga farko har ƙarshe. Kada ki tsallake komai, ko da kina ganin ba wani abu ba ne."

"Likita ya hana ni daka. Ya ce ko sunkuyawa kada in yi."

"Ni zan daka. Ke dai ki faɗa min."

"Ikon Allah. Karatun ya kai inda za a dawo wurin jahilai ke nan." Inna ta gyara zama, ana ganin daɗin da ta ji. "To zuba. Ba duka ba, ke ma, sai ka ce za ki ciyar da unguwa."

Auta ta daka, tana kallon bakin Inna ko zai motsa da wata addu'a. Bakin ya motsa, amma tsegumin matar Yaya ne, wai tana cika mai a girki. Inna ta ɗebi garin ta murza tsakanin yatsu, ta ce a ƙara. Aka ƙara, aka tankaɗe, aka mayar da tsakin turmi, aka sake tankaɗewa. Babu abin da Auta ba ta yi ba a ɗakin gwaji. Ta zauna tana kallon tulin garin a faifan roba, launinsa ma bai kai na gwangwanin nan haske ba, wancan ya fi ɗaukar ruwan ɗorawa.

"Shi ke nan, Inna?"

"Saura kaɗan. Miƙo min jakata, tana ƙarƙashin matashi."

Inna ta lalube cikin jakar, ta wuce carbi da ɗigon ido da katin asibiti, ta zaro wani ƙullin leda. Ta yi ta fama da bakin ƙullin, ta kasa, ta miƙa wa Auta.

"Kwance min, idon nan bai gama washewa ba. Ki ɓare guda biyu, wannan garin ba shi da yawa."

Auta ta kwance. Kafso ne, ja-da-yalo, irin wanda ake samu a kowane kantin magani.

"Inna, mene ne wannan?"

"Kafso mana. Ke da kike aikin asibiti."

"Na san kafso ne. Me za a yi da shi?"

"Me ake yi da shi? A ciki za ki zazzage."

"A cikin me?"

Inna ta sauke tabaran zuwa kan hanci, ta dube ta da idon da ba a taɓa ba. "Auta, lafiyarki kuwa?"

Auta ta dubi garin, ta dubi kafson, ta sake duban garin. Ƙwayar nan mai taurin kai ta faɗo mata a rai, wadda ba ta jin kafson asibiti kuma ba ta ji garin Inna ba, wadda Farfesa ya ce alama ce 'ya'yan na bin hanyar maganin bature. Ashe ba hanyarsa suke bi ba, shi ne da kansa a ciki. Watanni ta yi tana auna kafso da rula, tana ɗaukarsa hoto.

"Wanda kika aiko min a gwangwani ma akwai?" Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Naki ma ƙara miki na yi. Tunda kin ce gwaji za a yi a gaban manya, na ce kada a ji kunya."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Kin tambaye ni? Cewa kika yi kina son maganin da nake ba ku. Shi na ba ki."

"Wanda muka sha muna yara fa?"

"Duk wanda ya shiga bakinku da shi a ciki."

Haushi ya taso wa Auta, amma ta rasa wanda za ta ji haushinsa. Ita ce fa a asibiti take tsare mata tana yi musu faɗa a kan shan kafso barkatai, tana ce musu shi ke sa ƙwayoyin cuta su kangare. Ashe da shi aka raine ta, da shi kuma aka raini 'ya'yanta, ita tana riƙe musu hannu ana ɗurawa. To me ya warkar da su duk shekarun nan? Bishiyar ce, ko kafson, ko cikin ne ke gajiya ya tsaya don kansa? Ta buɗe baki za ta fara faɗan da ta saba, ta dubi tsohuwar da baƙin tabarau a kan hanci, ta rufe.

Sai wani tunanin ya shigo, a hankali, kamar baƙon da ya san gida. Garin na gabanta, kafson na hannunta. In ta zazzage, jibi filin zai dawo, faɗin murfin kwalba. Farfesa bai tambayi wanda ya daka ba. Mai jarrabawa ba zai lashi garin ba. A bar kaza cikin gashinta, in ta karɓi digirin sai ta bar zancen bishiyar ya mutu don kansa.

"In na yi shiru dai babu wanda zai sani," ta ce, ita kanta ba ta san ko da Inna take ko da kanta ba.

"Sanin me? Ni fa har yanzu ban gane abin da ya ɓaci ba. Ya kashe ƙwayoyin ko bai kashe ba?"

"Ya kashe."

"To?"

"Inna, abin da na rubuta shi ne 'ya'yan bishiyar na kashe ƙwayoyin zawo."

"Ai suna taimakawa."

"Na rubuta su ne ke kashewa. Ban san da kafso ba."

Inna ta mayar da tabaran daidai. "Su kaɗai kika ce?"

"Su kaɗai."

"Wa zai karanta?"

"Malamai. Akwai taro kuma. Farfesa ya ce har a rediyo za a yi hira da ni."

"Rediyo," in ji Inna. Ta sa hannu ta jawo faifan garin zuwa gabanta, ta ɗora tafinta a kai kamar wani zai ƙwace. A cikin gida ana jin matar Yaya na wanke-wanke.

"Kin san akwai wanda Yayanku ke bi."

Auta ta sani, amma sanin da bai wuce jimla ɗaya ba. An yi wani kafin Yaya, bai zauna ba. Ba a zancensa a gidan, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

"Ya fara tafiya lokacin, yana bin bango. Cikinsa ya ɓaci, na ba shi garin nan yadda uwata ta koya min, shi kaɗai, babu komai a ciki. Safe da yamma. Ana ce min a kai shi asibiti, ina cewa ai ga magani a bayan ɗaki, mu ma da shi aka raine mu. Idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta faɗa, ina ta ɗurawa. Da muka je, wata ma'aikaciya ta tambaye ni me na ba shi. Na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Kallona kawai ta yi, ta karɓe shi." Inna ta shafa garin ta baje shi da yatsa. "Ba mu dawo da shi a goye ba."

Auta ta ji hawaye na zubo mata, ta bar su.

"Tun daga nan ban sake ba ɗan kowa shi kaɗai ba. Na so in sa a sare bishiyar, na kasa, uwata ce ta ba ni irinta. Sai na tambayi mai kanti me ake ba mai zawo, ya ba ni wannan. Nake haɗawa." Ta juyo da fuskarta wajen Auta. "Yanzu ke za ki shiga rediyo ki ce su kaɗai. Da ni ce, babu mai saurarena. Amma ke mai farar riga ce. Wata na can da ɗanta a cinya, asibiti da nisa, bishiya kusa, za ta ji ki."

"Inna, in ban kai filin nan ba, babu digirin. Hutuna ya ƙare."

"To a bar shi."

Haka ta faɗa, babu ɗaga murya, kamar tana cewa a bar ruwa ya huce. Auta ta jira ko za ta ƙara wani abu, ko rarrashi, ko nasiha. Ba ta ƙara ba, hannunta dai na kan garin.

Auta ta tashi ta koma ƙarshen barandar, inda Yaya ke jingine tsohon kekensa. Ta daɗe tana kallon lambar Farfesa kafin ta danna. Ya ɗauka tun ƙarar farko.

"An samo shi?"

"Ranka ya daɗe, na gano abin da ya faru. A dakatar da mai rediyon. A cire sunana daga taron ma."

Ta faɗa masa duka, tun daga lalacewar injin har gwangwanin madara. Wannan karon bai katse ta ba. Sai da ta gama sannan ya yi magana.

"Kin san abin da wannan ke nufi ga jarrabawarki?"

"Na sani."

"Ni kuma na bi ofis-ofis da farantin kafso." Ya ja dogon numfashi. "Ki zo gobe. Ban san me za mu ce wa mai jarrabawar nan ba, amma ki zo."

Ta dawo ta zauna a gefen tabarmar. Inna ba ta tambayi yadda suka yi ba, ta ji komai. Can sai ta matso, ta rage murya don kada a ji daga ciki.

"Ke da kika yi karatun, faɗa min. Na san kwana ne ya ƙare, ba na ja da ikon Allah. Amma da na saka masa kafson a lokacin, da ya tashi?"

Auta ta san abin da littafi ya ce. Yaron da idonsa da maɗigarsa suka faɗa, ruwan jikinsa ne ya ƙare, kuma sau da yawa ba kafso yake nema ba, ruwa ne da ɗan gishiri da sukari, abin da ke cikin kowane kicin, har da na Inna a wancan lokacin. Maganar ta zo mata har baki. Ta dubi matar da ta yi shekaru fiye da na Yaya tana ɓare kafso a ɓoye don kada abin ya maimaitu.

"Ban sani ba, Inna," ta ce.

Inna ta gyaɗa kai a hankali. "Ni ma kullum haka nake cewa."

Auta ta tattara kafson da ke cinyarta ta mayar cikin ledar, ta ƙulle bakin, amma ba ta mayar da ita jakar Inna ba.